Ba a Cewa Da Sauƙi a Ɗakin Madam Khairi

Duk matar da ta taɓa goya yaro zuwa likitar Zangon Baure, ƙaramin asibitin nan da ke can cikin ƙasar Dogarawa, ta san doka guda: ba a cewa "da sauƙi" a ɗakin Madam Khairi. A waje, gindin bedin, wato dogonyaron da ake jiran layi, ki faɗi abinki har bakinki ya gaji. Amma da zarar kin ɗaga labule kin zauna a bencin nan mai gurguwar ƙafa, ta tambaye ki jikin yaro, kika kuskura kika ce da sauƙi, to kin taro wa kanki. Za ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ki sama da ƙasa, ta ce, "In da sauƙi, mi ak kawo ki? Tashi ki ba masu ciwo wuri." Ba korar ki take yi ba, kowa ya san haka. So take ki buɗe baki ki faɗi gaskiya, yaushe jikin ya fara zafi, ya kama nono ko ya ƙi, zawon ruwa ne zalla ko da jini.

Ba laifin matan ba ne, haka aka tashe mu duka. Mutuminmu ko ransa ya kawo maƙogwaro, ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce maka, don kada ya zama mai ƙorafi da ikon Allah, kada kuma ya ɗora wa mai gaisuwa nauyi. Khairi ba ta da rigima da wannan a wurin gaisuwa, ita ma haka take amsawa. Abin da take cewa shi ne kalmar nan in ta shigo ɗakin awo ta fi sauro ɓarna. Shi ya sa ba ta cika dogara da bakin mutane ba, hannunta take aikawa.

Da ƙafa take farawa, don ta lura yaro bai cika tsoron wanda ya fara da ƙafarsa ba. Ta danna babban yatsa a bayan ƙafar ta ga ko wurin zai lotsa. Ta juya tafin hannu ta duba, ta ja fatar ido ƙasa ta ga ko da sauran ja ko jini ya gudu, ta tsunkuli fatar ciki ta saki ta ga ko za ta koma da wuri. In jariri ne ta shafa maɗigarsa. Sannan ta ɗage riga ta zuba wa haƙarƙari ido, tana bin numfashi bakinta na motsi, a nan kuwa ko majo, shugaban likitar, ya leƙo da magana ba ta amsa masa. Abin sauraren ƙirji shi ne na ƙarshe, kuma sai ta ɗumama bakinsa a tafinta kafin ta ɗora. Babu yaron da ya tashi a ƙauyukan nan da bai san hannun ba, hannu ne mai kaushi mai ƙanshin sabulun wanki.

Yarinya ɗaya ce hannun bai sani ba, ita ce kuwa wadda Khairi ta fara haifa.

Sunanta na yanka Ummul Khairi. A Illela aka haife ta, ɗiyar wani tela mai keke a bakin kasuwa, wanda ya sa ta lakwal ba don ya damu da boko ba, sai don mushen lakwal ɗin, wato malamin makarantar, abokin hirarsa ne kuma ya ji nauyin ce masa a'a. Yarinya ta yi kai, ta wuce har kwaleji. Tana gamawa ta auri Ɗahiru, mutumin wani ƙauye a Bazaga, wanda a lokacin yaron mota ne, yau kuma direban kamiyo ne yana jigilar siminti daga Malbaza. Ita ta gan shi ta ce tana so, har uban ya yi ta mitar cewa duk karatun nan a bakin taya zai ƙare. Shekara ta zagayo ta haifi mace, aka raɗa mata Hamdiyya.

To ɗiyar fari, an san yadda abin yake. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in tana kuka aka ce tashi ki ba ta nono sai ta yi kamar ba ta ji ba har a maimaita. A gidan su Ɗahiru abin ya fi na Illela tsauri. Ga shi kuma an kawo 'yar lakwal, matan gida sun zuba ido suna jiran ranar da za ta yi abin kunya su samu na faɗi a bakin rijiya. Khairi ta gane haka, da yake tun tana ƙarama ba ta son a fi ta, sai ta ƙudura a ranta cewa a kunya ma sai ta fi su. Ta kuwa fi su. Sunan bai taɓa fita daga bakinta ba ko da wasa, "ɗiyar Inna" take cewa, ta jingina ta ga uwar mijinta. Daga baya ma da ta fara aiki, in aka kawo mata wata Hamdiyya, "takwara" take ce mata ta wuce wurin. Ƙannen mijinta suna tsokanar ta cewa ba don ibada ba ce, da hamdala ma a ciki za ta riƙa yi.

Ranar yaye Inna Fati, uwar Ɗahiru, ta goye jikarta ta kai ɗakinta, ba ta kuma dawo da ita ba. Khairi ta shiga makewayi ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito ta ce Inna ta kyauta. Kuma a gaskiya Inna ta kyauta, don hannun da ta sake mata ne ya ba ta damar tafiya birni koyon aikin jinya. Ta gama aka turo ta Zangon Baure, ta zauna nan ta haifi maza biyu. Waɗannan kam sun sha hannu, ko atishawa ɗayansu ya yi sai an ja masa fatar ido. Hamdiyya kuwa ta tashi a Bazaga cikin awaki da gonar wake, tana ce wa kakarta Inna, tana ce wa uwarta Yaya kamar yadda ta ji ƙannen ubanta suna faɗi. Da salla ake haɗuwa, yarinya ta durƙusa ta gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon wani wuri. Tana son ta, so mai tsanani, irin wanda ba shi da ƙofar fita. Duk atamfar da ta saya sai ta yanki rabi ta ba Ɗahiru ta ce a kai wa Inna, Inna kuwa ta san ba ita ake nufi ba.

Aikin likitar ƙauye ba aikin da mutum zai so ɗansa ya gada ba ne. Da rani akan samu sararin numfashi. Amma da ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, sauro ya tashi, sai gindin bedin nan ya cika har bakin hanya. Iyaye suna gona, ba mai barin noma don zafin jikin yini ɗaya, sai yaro ya fara fizge-fizge ko idonsa ya kafe sannan a ɗora shi a amalanken jaki. Da yawansu in ta ja fatar idon fari fat take gani. Irin wannan yaro jini yake bukata, jini kuwa sai babban asibiti, ambilans guda ce ga ƙauyuka barkatai, ita ma rabin damina ko tana gareji ko ta kafe a fadama. Khairi ta sha tsayawa a bakin ƙofa tana kallon amalanken da ya kawo yaro yana komawa da shi a lulluɓe. A shekarunta na farko takan shiga ɗakin magani ta share hawaye. Daga baya hawayen ya ƙafe, faɗa ya maye gurbinsa, har aka san ta da shi. Ba ta sa ran abin zai gyaru a zamaninta, ta ma daina faɗin haka a taro. Abu ɗaya ta riƙe, wanda aka kawo da wuri yana da rabo, don haka take yaƙi da duk abin da ke sa a makara.

Cikin abubuwan da ke sa a makara kuwa, kunyar ɗan fari ba baƙuwarta ba ce. Za a shigo su biyu, uwar miji riƙe da jariri, yarinyar da ta haife shi tana baya tana kallon bango kamar rakiya ta yo. Tsohuwa ce za ta yi bayani, ita da ba ita ke shayar da shi ba. Khairi ta samo wa wannan dabara tuntuni. Sai ta sassauta murya ta ce, "Inna, ɗan jira mu waje," ta tura ƙofar kwano ta rufe. Ana rufewa sai ka ga mai kallon bangon nan ta dawo mutum, ta karɓe ɗanta ta ƙanƙame, ta zayyana komai har yadda kukansa ya canja, wata ma sunansa take ta kira don ta san ba mai ji. Khairi takan ce musu kunya ba ta sauke zazzaɓi, takan faɗa da ƙarfi yadda na waje za su ji. Yara da yawa suna yawo yau a Dogarawa saboda rufe ƙofar nan.

Abin da ke ba ni haushi a labarin nan ke nan. Mai wannan wa'azi ita ce wadda in ta kira Inna Fati a waya sai ta gaida ta, ta tambayi awaki, ta tambayi gona, ta tambayi ƙafar Inna mai ciwo, sannan can a ƙarshe ta ce ya mutanen gida. Inna ta san wa ake nufi, sai ta amsa a dunƙule.

A irin wannan waya ce ta ji cewa ɗiyar Inna ta yi ciwon maƙogwaro har ba ta iya haɗiyar tuwo, an kira wanzami ya cire mata hakin wuya. Lokacin yarinyar ba ta fi shekara goma ba. Ran Khairi ya ɓaci, don ta sha yi wa mata faɗa kan wannan yanka, amma wa za ta yi wa faɗa a nan? Ba a jima ba Ɗahiru ya dawo daga ƙauye ya ce yarinyar tana kwance da sanyin ƙashi, yau gwiwa, gobe idon sawu, jibi gwiwar hannu, ciwon yana yawo. Khairi ta haɗa wannan da ciwon maƙogwaron. Ta san wannan jerin. Ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba, in ciwon gaɓoɓi mai yawo ya biyo bayansa, yakan wuce ya taɓa zuciya a ɓoye. Ta kuma san maganin tsare shi, allura ce da ake yi wata-wata, ita da hannunta tana yi wa 'ya'yan wasu.

Ta ba Ɗahiru ƙwayoyi, ta ce ya ce wa Inna a kai yarinyar likitar da ke kusa da su a saurari ƙirjinta. Sannan ta kira. Bayan awaki da gona da ƙafa, ta ce ya mai jiki. Inna ta ce, "Da sauƙi, wallahi. Ta miƙe, yanzu haka tana rijiya." Wa ke kai mai ɗiban ruwa likita? Kuma Inna ba ƙarya ta yi ba, muguntar ciwon ke nan, gaɓoɓin sukan saki da kansu. Khairi, wadda ba ta taɓa karɓar kalmar nan daga bakin kowa a ɗakinta ba, ta karɓa hannu biyu, don ita take so ta ji. Ciwon ya sake dawowa wata shekarar, aka sake cewa da sauƙi, ta sake karɓa.

Sai wata sallar layya da ta faɗo a farkon damina. Sun je Bazaga gaba ɗayansu. Da hantsi mata suna zaune a inuwar zana suna yankan nama, Hamdiyya da wata sa'arta suna dakan yaji a tsakar gida. Ta yi tsawo, ta fara zama budurwa, ga wuyan ubanta ga goshin Khairi sak. Khairi tana yanka tana satar kallo ta wutsiyar ido, yadda ta saba. Sai ta ga sa'ar tana ta luguden taɓarya, Hamdiyya kuwa in ta ɗaga kaɗan sai ta tsaya ta jingina da taɓaryar, baki a buɗe. Ta ga wata jijiya a gefen wuyan tana harbawa. Ta ji ɗan busasshen tari. Ba ta san lokacin da bakinta ya fara motsi yana bin numfashin ba, abin da ta samu kuwa bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

Abin sauraren ƙirjin yana cikin jakarta a ɗakin Inna, ba ta zuwa ko'ina ba shi. Ta ajiye wuƙa, ta goge hannu a zane, ta miƙe. Abin da ya rage ta ce "ke, zo" ta tura ƙofa, abin da take yi kullum da 'ya'yan mutane. Ta yi taku kaɗan ke nan sai Badi'a, ƙanwar Ɗahiru, mai bakin da ba ya barin komai ya wuce, ta tafa hannu ta ce, "Ku gane mani Madam, yau ido ya ƙi barin ɗiyatta!"

Mata suka kwashe da dariya. Ba mugunta a ciki, wasan dangin miji ne. Inna Fati ma kare ta ta yi, ta ce su bar mata suruka, Khairi ba ta da wannan hali, shekara nawa ana tare ba a taɓa kama ta ba. Hamdiyya ta sunkuyar da kai tana murmushi. Khairi ta ji duk idanun gidan a bayanta. Sai ta karkata ta nufi randa, ta ɗebi ruwan da ba ta jin ƙishinsa ta sha, ta dawo ta ɗauki wuƙarta.

A hanyar komawa ta gaya wa Ɗahiru abin da ta gani, ta ce lallai a kawo mata yarinyar. To shi ma ɗiyar farinsa ce, kunyar da ke kanta tana kansa. Ya yi kwana-kwana ya ce wa Inna ko za a ba su aron yarinyar ta taya Khairi aikin gida. Inna ta ce ana tsakar shuka wa zai ba da hannu, a bari a kawar da amfanin gona. Khairi ta ce a ranta ba komai, da ta samu sarari za ta je da kanta, kowa ya yi dariyarsa. Sararin bai zo ba. Daminar ta zo da zazzaɓi irin wanda aka daɗe ba a gani ba, yara har a ƙasa, ta wuni a tsaye ta kwana da ciwon baya. Tana tuna jijiyar wuyan nan tana sa wa wani yaro ƙarin ruwa, ta ce gobe za ta yi waya ta yi magana a fili. In ta kira kuma sai awaki, sai gona, sai da sauƙi.

An gama girbi, an ɗaure dammuna, an tsince wake. Wata ranar kasuwa da safe majo ya tafi taro Malbaza, ita kaɗai ce a ɗakin awo. Ta sallami wata mai goyo, ta wanke hannu, ta ɗaga murya ta ce mai bi ya shigo. Labule ya ɗaga, sai ga Inna Fati da sandarta. A bayanta Hamdiyya, riƙe da takalmanta a hannu.

Ashe tun sassafe suke gindin bedi. Amalanke ya kai su bakin kwalta, suka shiga motar haya, suka sauka suka bi layi kamar kowa, don Inna ta ce ba za a ce Madam ta tsallake 'ya'yan mutane saboda nata ba. Khairi ta durƙusa ta gaida surukarta. Idonta ya riga ya sauka a ƙafafun nan, ta ga dalilin riƙe takalmi, ba za su shiga ba. Ta miƙe, ta juya wajen bango, ta ce ya mai jiki.

Inna ta buɗe baki, kalmar ta zo har leɓe, ta haɗiye ta. Matan layi sun riga sun gargaɗe su. Ta ce tun kafin girbi yarinyar ba ta iya kwanciya, a zaune take barci ta jingina da bango, in ta miƙe sai numfashi ya ƙwace mata. Daga ɗaki zuwa randa sai ta huta a hanya. An yi rubutu, an yi jiƙo, an yi hayaƙi. Tsohuwar ta ce, "Ni ba wurin surukata niz zaka ba. Wurin Madam niz zaka."

Khairi ta ji bakinta yana faɗin abin da ya saba, da muryar da ya saba. "Inna, ɗan jira mu waje."

Ta tura ƙofar kwano. Rabon da su zauna su biyu a ɗaki ɗaya, ba kowa, tun yarinyar tana shan nono. Hamdiyya ta hau gadon awo da kyar, ta zauna ta haɗe gwiwoyi, ta rasa inda za ta sa idonta. Khairi ma ta rasa, sai ta bar hannun ya yi aikinsa. Ta durƙusa ta kama ƙafar. Ta danna yatsa, wurin ya lotsa ya zauna a haka kamar ƙullin fura. Ta juya tafin hannun, ta ga kantar taɓarya, ta ga wani tsohon tabon ƙuna a gefen yatsa da ba ta san ranar da aka yi shi ba. Ta ja fatar ido. Ta taɓa ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yarinyar ta ɗan ja baya, hanta ta kumbura. Ta tambaye ta, ta amsa a hankali ba ta ɓoye komai ba, har ta ce ta daɗe tana jin zuciyarta tana gudu ko tana zaune, ba ta faɗa ba ne don kada hankalin Inna ya tashi.

Ta ɗauko abin sauraren ƙirjin ta riƙe bakinsa a tafinta. Ta daɗe tana ɗumama shi, fiye da yadda ake bukata, don ta san in ta ɗora ba sauran komawa. Sannan ta ɗage rigar, rigar atamfar da ita ta yanka rabi, ta ɗora ƙarƙashin nonon hagu.

Lafiyayyar zuciya bugu biyu take yi tsaf, ta huta, ta sake. Wannan kuwa huci take yi tsakanin bugun, kamar zugazugin maƙeri da ya huje, ana ta zuga iska na zurarewa. Ta matsa gefe, ta zagaya baya, ta ji ruwa yana ƙara a gindin huhu. Ba yau ta fara jin wannan sauti ba. Ta ji shi a ƙirjin yara kaɗan a shekarun aikinta, kuma tana iya faɗin inda kowannensu ya ƙare. Za ta tura su babban asibiti, a ɗauki hoton zuciya, a ce ƙofar zuciyar ta lalace sai an yi aiki, aikin kuwa ba a nan kusa ake yin sa ba, jiran sa ya fi ƙarfin irin wannan ƙirji. Sai su dawo da ƙwayar fitsari mai sauke kumburi, su ɗan samu dama, kumburin ya dawo, wata rana ta ji ana gaisuwa a ƙauyensu. Za ta kai Hamdiyya, ko a kai za ta ɗauke ta, za ta buga duk ƙofar da ta sani. Amma ta san lokacin allurar wata-wata ya wuce tun ranar da aka ce yarinya tana rijiya, ta kuma san ranar randa ita ce dama ta ƙarshe da aka ba ta, ta shanye ta da ruwa. Baƙin ciki ya tokare ta, da haushin kanta wanda bai da inda za ta sauke shi.

Ba ta cire abin daga kunnenta ba. Ta bar shi a ƙirjin, ta bar ɗaya hannun a bayan yarinyar, don muddin tana saurare ba wanda zai ce rungume ta take yi. Hamdiyya tana numfashi sama-sama, tana kallon kan uwarta da ke dab da haɓarta. Can ta ce, "Yaya, mi kinka ji?"

Khairi ta zare abin daga kunne ta rataye a wuya. Ta gyara mata rigar, ta ja ta ƙasa da kyau. Duk bayanin da take yi wa iyaye, wanda ba ta taɓa tauna shi don jin daɗin kowa ba, yau ba ta yi shi ba. Ta ɗaga kai ta dubi ɗiyarta ido cikin ido.

"Da sauƙi, Hamdiyya."

Yarinyar ba wawuya ba ce. Tun sassafe take gindin bedi tana jin abin da ba a faɗi a ɗakin nan, ta kuma san tsawon rayuwarta abin da bakin nan ba ya faɗi. Ga su biyun sun fito tare. Khairi ta ga ganewar ta sauka a fuskarta a hankali, ta jira kuka, kukan bai zo ba. Hamdiyya ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Sake hwaɗi."

"Da sauƙi."

"A'a. Sunan."

Ta sake faɗa. Wannan karon muryar ta ƙi yi mata biyayya, ta fita da ƙarfi, ƙofar kwano kuwa ba ta tare magana. A waje surutun matan layi ya ci gaba, wani jariri yana ta tsala kuka, wata tana tambaya ko Madam ta kusa. A jikin ƙofar kuwa, inda tsohuwar ta jingina tana jira, Khairi ta ji sandar Inna ta faɗi ƙasa, ta ji Inna Fati ta fara salati ƙasa-ƙasa.